Shafin da Aka Yanke daga Littafin Ɗakin Ɓeraye

Hakki biyu ne suka rataya a wuyan cibiyar binciken da na yi wa aiki, kuma ba ta sauke ko ɗaya ba. Na farko, duk wanda aka damƙa wa kula da dabbobin gwaji, wajibi ne a zaunar da shi a koya masa abin da ake nema da abin da aka hana, cikin harshen da yake ji. Na biyu, abin da aka rubuta a littafin aiki ranar da ya faru ba a taɓa shi, ko ya yi wa mutum daɗi ko bai yi ba. Ni ne mai riƙe da wannan littafi a lokacin. Saboda haka abin da zan faɗa a nan ba jita-jita ba ce. Da idona na gani, da hannuna na rubuta, kuma akwai inda laifin ya biyo ta kaina, wanda ba zan tsallake shi ba.

Cibiyar ƙarama ce, tana gefen hanyar Abuja kafin a kai Kakau, bayan wasu gonakin masara. A shekarar da soja suka yarda za su koma bariki, ina zaune ni kaɗai a ɗaki ɗaya a Tudun Wadan Kaduna. Matata ta rasu, 'ya'yanmu biyu suna wurin yayata a garinmu. Kullum da safe nakan hau bas in ƙetare gada, in sauka a Kakuri in hau wata. Da yamma in biyo hanyar nan in dawo, in dafa abin da ya sawwaƙa, in ci ina sauraron rediyo. Akwai ranakun da idan na lissafa mutanen da na yi magana da su tun safe, ban da yaran mota, nakan samu mutum ɗaya ne tak. Wannan mutum shi ne tsohon da ke kula da ɗakin ɓeraye, wanda kowa a cibiyar yake kira Baba.

Baba mutumin kudancin Kaduna ne, dattijo a cocinsu a Makera. Ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa kafin a rage ma'aikata, sannan aka ɗauke shi a wurinmu don share keji da zuba abinci da sauya garin katakon da ake shimfiɗa wa dabbobin. Yana karanta Hausa sarai, domin da ita yake karanta Littafinsa, amma ba ya karanta Turanci. A masaƙa ya koyi cin goro wurin abokan aikinsa, ya kuma koyi ladabinsa har ya fi su riƙo. Ba ya ɓare goro a gaban mutum bai miƙa masa ba. Ko mai gadi, ko direba, ko wanda ya san ba ya ci, sai ya miƙa, a ƙi karɓa a gode. Da ni kuwa abin ya zama ka'ida. Idan na iso, zai zaro goron daga cikin wani tsumma mai laima, ya ɓare, ya ba ni ɓari ɗaya yana cewa ga rabon mai biro biyu, domin ina yawo da baƙin biro da ja a aljihun gaba. Ni kuma in tambaye shi lafiyar talakawansa, wato ɓerayen. Yakan ce sun kwana lafiya, sai dai suna ƙorafin gwamnati.

Shugaban sashenmu Dakta ne, mutum mai ilimi, kuma ba zan kira shi mugu ba, domin ban san zuciyarsa ba. Ayyukansa na sani. Tambayar da yake neman amsarta ita ce: shin sinadarin kafeyin, wanda ke cikin goro da shayi da gahawa, yana sa tsoro ya daɗe a ƙwaƙwalwa ne, ko yana sa a yi saurin mance shi? Yadda ake gwajin ba shi da wuyar ganewa. Akwai wani akwati mai daɓen sandunan ƙarfe. A sa farin ɓera a ciki, a kaɗa ƙararrawa, sai a saki wutar lantarki 'yar kaɗan ta taɓa ƙafafunsa. Ba ta yi masa rauni, amma tana firgita shi. Bayan haka, duk ranar da aka mai da shi akwatin aka kaɗa ƙararrawa, ko da ba a saki wuta ba, sai ya ƙame wuri ɗaya, ba ya motsa komai sai numfashi. Aikina shi ne in riƙe agogo in auna tsawon ƙamewar, in rubuta. Kwana da kwanaki ana kaɗa ƙararrawa ba wuta, har ɓera ya fara gane cewa sautin ba ya zuwa da komai, ƙamewar ta riƙa raguwa.

An raba ɓerayen gida biyu. Masu jan tambari a keji ana zuba musu sinadarin a ruwan sha. Masu shuɗin tambari ruwa zalla ake ba su. Waɗannan na biyun su ne ma'aunin aikin gaba ɗaya, domin da su ake kwatanta na farkon. Idan ma'auni ya gurɓata, babu abin da za a iya cewa game da sinadarin, ko alheri ko sharri. Wannan bayani ne da ɗalibin shekarar farko ya sani. An rubuta shi da Turanci an manna a bayan ƙofar ɗakin. Babu wanda ya taɓa karanta wa Baba shi. An dai nuna masa kwalabe biyu aka ce wannan na ja ne, wannan na shuɗi, kada ya haɗa. Kuma bai taɓa haɗawa ba.

Wata safiya muna tsaye muna cin goronmu, ya tambaye ni wane irin magani ne ake ba masu jan tambari. Na ce masa abin da ke cikin goron nan nasa ne, an tace shi ne kawai. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce ashe 'yan goro ne irinsa, shi ya sa suke da surutu. Sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa ba a ba sauran. A lokacin Dakta ya riga ya aiko kirana, ina sauri, sai na ce:

"Haka Dakta ya tsara, Baba."

Na wuce. Minti biyu sun isa in yi masa bayanin ma'auni, kuma ban yi ba. Wannan shi ne rabona a cikin laifin, kuma na rubuta shi a inda ya kamata.

Makonni suka wuce ana gwaji. Ba zan faɗi abin da lambobin suka nuna ba, domin bayan abin da na gano ba su nuna wani abin dogaro ba. Abin da zan ce kawai, sun yi wa Dakta daɗi, har ya fara rubuta rahoto tun ba a gama ba.

Ranar wata Litinin ana wahalar mai, na fito da wuri don gudun rasa mota, sai kuma na dace da wani mai motar ɗaukar kaya da ya sauke ni a bakin cibiyar tun kafin lokaci. Na shiga ɗakin ɓeraye na iske Baba a layin masu shuɗin tambari. Yana riƙe da 'yar wuƙarsa yana kankare jan goro a cikin kwanon abincin kowane keji, yana yi musu magana ƙasa ƙasa kamar mai rarrashin jikoki. Da ya gan ni bai ɓoye hannunsa ba, bai razana ba. Ya gaishe ni, ya ce in jira ya sallami waɗannan tukuna, rabona yana nan.

Na tambaye shi abin da yake yi. Ya dube ni da mamakin tambayar.

"Malam, ɗaki ɗaya suke kwana. Wuta ɗaya kuke sa musu. A ba waɗancan goro a hana waɗannan, suna kallo? Ni ban iya wannan ba."

Ya ƙara da cewa ya lura idan an dawo da su daga akwatin, jikinsu yana rawa, sukan lafe a kusurwa. Mutum ma idan ya fito daga wahala akan miƙa masa goro ya tauna hankalinsa ya dawo. Tun ranar da na gaya masa abin da ke cikin kwalbar yake yi musu haka, kowace safiya, daga nasa goron, bai taɓa taɓa kayan cibiya ba. Ya faɗi wannan na ƙarshen da alfahari.

A nan, a tsaye tsakanin layin keji biyu, na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun farko. Na ce idan ana so a san ko taki yana aiki, akan sa wa kunya ɗaya a bar ɗaya. Idan wani ya bi da dare ko da rana ya sa wa wadda aka bari, manomi ba zai taɓa sani ba. Baba manomi ne kafin ya zama komai, nan take ya gane. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya ninke wuƙar ya sa aljihu, ya daɗe yana duban kwanonin, sannan ya ce:

"To me ya sa ba ka faɗa mini haka ba ran nan?"

Na ce masa dole in rubuta. Na yi tsammanin zai roƙe ni in rufa masa asiri, kuma ina jin kunyar cewa na riga na shirya yadda zan ƙi. Bai roƙa ba. Ya ce in rubuta, ai abin da aka yi ke nan.

Na rubuta da jan biro, domin haka ake rubuta duk abin da ya saɓa wa tsari. Na faɗi abin da na gani, da tun lokacin da aka fara, da dalilin da ya bayar. A ƙasa na rubuta cewa ba a taɓa yi masa bayanin amfanin rukunin ruwa zalla ba, cewa umarnin da ke bayan ƙofa da Turanci yake, kuma cewa ya tambaye ni ban ba shi amsa ba. Na sa hannu. Tun ina makarantar koyon aikin nan wani malaminmu ya saba mana da sa takardar kabon a ƙarƙashin kowane shafi, kuma ban taɓa bari ba, ko da abokan aiki suna cewa ɓata takarda ne. Kwafin wannan shafi ya bi 'yan'uwansa cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona.

Dakta ya karanta shafin sau biyu. Ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce sake aikin yana nufin sabbin ɓeraye daga nesa da watanni masu yawa, ga shi ana jiran sabuwar hukumar gudanarwa da farar hula za su naɗa, kuma sashen da ba shi da abin nunawa shi za a fara rufewa. Ban musa masa wannan ba. Daga nan ya yi murmushi ya tambaye ni goro nawa ɓera zai ci har ya canja lissafi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Matsalar ke nan."

Murmushin ya tafi. Ya ce in ɗauki littafin in sake kwafe shafin ranar da baƙin biro, in bar abin da ba na aiki ba. Na ce ba zan iya ba, kuma na faɗa da ladabi, ina tsaye, hannuna a baya. Ya ce ko na ɗauka don an yi zaɓe kowa ya zama gwamna ne. Na ce a'a, ni mai rajista ne. Ya ce in fita in bar littafin.

Bayan kwana uku Baba ya same ni da ambulan. Takardar tuhuma ce da Turanci, kuma ba shi da wanda zai karanta masa a wurin sai ni. Muka zauna a kan bencin da ke bayan ɗakin, na riƙa karantawa ina mayar masa da Hausa. Da na iso wurin da aka ce ya yi ɓarna da gangan, na tsaya. Ya ce in ci gaba, kada in rage masa komai. Na faɗa. Ya sa na maimaita. Ya tambaye ni ko kalmar Turancin tana da wata ma'ana mai sauƙi da na manta. Na ce ba ta da ita.

Na rubuta masa amsa da bakinsa, ya sa hannu, na kai ofis da kaina. Ba a kira shi an ji ta bakinsa ba. Takardar sallama ta fito a makon da aka miƙa mulki. Ina tuna ranar sosai, domin mai gadi ya ƙure rediyonsa a bakin ƙofa, direbobi sun taru suna gardamar wanda zai zama kwamishinan me, kowa fuska a sake. Baba ya ratsa ta tsakiyarsu da kekensa, takalmansa na roba ɗaure a baya. Ya tsaya ya ɓare goro ya miƙa wa kowa kamar kullum, suka karɓa ba su san an sallame shi ba. Ni ina tsaye a taga.

A cikin takardar sallamar an kafa hujja da rubutuna. An ɗauko shi kalma da kalma, daga inda na ce na iske shi yana kankare goro, zuwa inda na ce ya daɗe yana yi. A nan aka tsaya. Jimlolin da suka biyo baya, waɗanda suka nuna ba a koya masa ba kuma ya tambaya ba a amsa ba, an bar su. Da rabin shaidata aka kori mutumin, kuma sunana ne a ƙasa.

Littafin ya yi mako guda a ofishin Dakta. Da ya dawo hannuna na buɗe na nemi shafin. Babu shi. An yanke shi da reza daf da ɗinki, yanka mai tsabta, wanda sai mai neman sa zai lura. Amma littafin mai lamba ne, an buga wa kowane shafi tasa tun daga kamfani, kuma lambobin sun yi tsalle a daidai wurin. Ba da daɗewa ba rahoto ya fita. Na ga kwafinsa a kan teburin mai buga takardu. A ciki an ce rukunin ruwa zalla ba su ci komai ba sai abincin da aka tsara, ba su sha komai ba sai ruwa.

A nan ne hankalina ya ƙi kwanciya, kuma har yau bai kwanta ba. Cibiya ɗaya ta fitar da takardu biyu da tambarinta. Ɗaya ta ce tsoho ya lalata gwaji da gangan. Ɗaya ta ce gwajin lafiya lau yake. Idan ta farko gaskiya ce, rahoton ƙarya ne. Idan ta biyu gaskiya ce, an kori mutum a kan laifin da ba a yi ba. Ba za su taɓa zama gaskiya su biyun ba, amma ga su a fayil biyu cikin kabad ɗaya, kowace tana aikinta.

An mai da ni sito, inda ake ajiye tsintsiya da sabulu da buhunan abincin dabbobi. Ba a ce horo ba ne. An ce ana buƙatar mai tsari a wurin. Manyan ma'aikata suka daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Ƙananan kuwa, waɗanda na ɗauka za su fahimta, su suka fi tsananta mini. A ganinsu ni na kori Baba. Wani direba ya faɗa mini a gaban mai abinci cewa da na riƙe birona, da tsohon nan yana nan yana shararsa, kuma ɓera bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Suka sa mini suna alƙalin ɓeraye. Idan na doso benci sai a ce a tashi, kotu ta iso, a yi dariya, a matsa can gefe. Na koma cin abinci ni kaɗai a ƙofar sito, ƙarƙashin wani mangwaro. Ban iya yi musu gardama ba, domin rabin maganarsu gaskiya ce. Da ban rubuta ba, da yana nan. Na juya wannan a raina a bas, na juya shi a ɗakina, kuma duk juyin da na yi, nakan dawo in ga cewa zan sake rubutawa. Wannan bai taɓa sanyaya mini rai ba.

Daga sito ana jin ƙararrawar ɗakin gwaji. Na daina ganin ɓerayen, amma duk sanda ta kaɗa nakan samu yatsana ya danna maɓallin agogon da ba ya hannuna. A hanya ma na lura da wani abu da ban taɓa kula da shi ba. A shekarun soja, idan aka ji jiniya a kan gada, direba yakan faɗa gefe ko da rami ne, fasinja su yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Bayan soja sun tafi, wata rana motar asibiti ta taho da jiniya, sai bas ɗinmu gaba ɗaya ya ɗauke numfashi, har da ni, muka ƙame har ta wuce. Sannan wata mata 'yar Binuwai mai kwandon doya ta yi tsaki ta ce ai sun tafi, me muke tsoro, aka yi dariyar kunya. Na san cewa ni ma na yi shekaru ina ganin abubuwan da ba daidai ba a wurin aiki ban rubuta wa kowa ƙorafi ba. A cikin littafi nakan rubuta gaskiya, amma ban taɓa fitar da ita daga cikinsa ba.

Na yi watanni ban je wurin Baba ba. Kunya ce ta hana ni. Wata Lahadi da la'asar na daure na sauka a Makera, na yi tambaya har aka nuna mini gidan. 'Yarsa ce ta yi mini iso, kuma da ta ji ko ni wane ne, fuskarta ta ɗaure. Ta ajiye mini kujera da ruwa ta koma ciki ba ta ƙara fitowa ba. Baba ya rame. Ya ce yanzu yana bin wani ɗan'uwansa noma a Kakau, ƙasa ba ta ba mutum takarda. Ya zaro tsumman nan mai laima, ya ɓare goro, ya miƙo mini ɓari, ya ce ga rabon mai biro biyu. Na karɓa, amma na kasa kai shi baki.

A cikin hira na gane abin da ban sani ba. Shekaru da yawa shi ne yake riƙe da mabuɗin ɗakin ajiyar cocinsu. Bayan sallamar, ya kai takardar wurin fasto da sauran dattawa da kansa, ya sa aka karanta, ya ajiye mabuɗin a kan tebur. Sun ce sun san shi, ba ruwansu da takarda, ya ɗauki abinsa. Ya ƙi. Ya ce mutumin da aka rubuta an buga tambari cewa ya ci amana da gangan, ba zai riƙe mabuɗin ɗakin Allah ba sai ranar da aka goge. Tun daga lokacin a bencin baya yake zama.

Ya tambaye ni labarin talakawansa, musamman wani na kejin ƙarshe da ya fi kowa tsoro, ko ya warware. Na gaya masa gaskiya, cewa idan an gama gwaji ba a barin su. Ya gyaɗa kai. Ya ce to a ƙarshe me aka gano, goron yana sa a manta tsoro ne ko yana ƙara shi? Na ce daga aikinmu babu wanda zai iya sani.

"Ashe a banza aka wahalar da su," in ji shi. "Har da hannuna."

Na ce har da nawa. Yara suna ƙwallo a layi, wata maƙwabciya tana daka. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin titi, yana tafiya a hankali. Na ce masa ina da kwafin shafin, zan nemi a mayar da shi aiki. Ya girgiza kai.

"Aikin ba na so, Malam. Na tsufa. Kalmar nan kawai a cire."

Na rubuta wa Dakta, ba amsa. Na rubuta wa ofishin mulki na cibiyar, aka ce an karɓa. Na koma bayan wata guda aka ce ana dubawa, na sake komawa aka ce ba a ga takardar ba. Kwafin kowace yana cikin akwatin ƙarfe. Goron da ya ba ni ran nan ma yana ciki, ya bushe ya yi baƙi. Ana ta faɗa a rediyo cewa yanzu zamanin doka ne, ɗan ƙasa yana da ikon ya yi tambaya a ba shi amsa. Na ɗauki wannan magana da gaske, kuma a kanta na dogara.

Don haka, cikin girmamawa, ina roƙon hukumar gudanarwar da ke bisa wannan cibiya ta naɗa waɗanda ba su da hannu a lamarin su bincika. A ɗauko littafin ɗakin ɓeraye na wancan lokaci a bi lambobin shafukansa ɗaya bayan ɗaya, a ga inda suka yi tsalle, a kwatanta da kwafin kabon da ke hannuna, wanda zan kawo da kaina duk ranar da aka kira ni. A ajiye takardar sallama kusa da rahoton, a tambayi waɗanda suka sa musu hannu wacce ce gaskiya. Idan ta tabbata ma'aunin ya gurɓata, a janye rahoton a fili, domin kada wani mai bincike a wani wuri ya ɗora aikinsa a kansa. A kira tsohon a ji ta bakinsa da Hausa, a zaune, kamar yadda ya kamata a yi tun farko. A rubuta a fayil ɗina cewa ya tambaye ni ban yi masa bayani ba, kuma duk hukuncin da ya dace da wannan na karɓa. Sama da komai, ina roƙon a soke kalmar ɓarna da gangan daga takardarsa, a ba shi wata mai tambarin cibiya da ke faɗin haka, da Hausa, wadda zai karanta da kansa ya kai wa dattawan cocinsu. Shekarunsa sun yi nisa, don haka ina roƙon kada a jinkirta.